Alamar Baba a Ƙarƙashin Karawita

Kujerar da ta tayar da wannan magana ba ta Baba ba ce. Daga wani otal na kusa da Harami aka kawo ta shagon da nake aiki a unguwar Aziziyya ta Makka, ana saura wata biyu aikin Hajji, lokacin da kowane mai gidan haya yake tunawa kujerunsa sun yage. Ni ɗinkin rigunan kujeru da matasai nake yi. Mu uku ne mata a ɗakin baya, kowa da kekenta. Mai shagon dattijo ne ɗan asalin Yaman, wanda ko kofin shayinsa ba ya ɗagawa in akwai mai miƙo masa, amma ranar da kansa ya rungumo kujerar ya shigo da ita, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Na dube ta sama da ƙasa ban ga abin rawar jiki ba. 'Yar siririya ce, ba ta da hannu, bayanta a lanƙwashe, fatar mazaunin ta tsage. Ya kifa ta a kan tebur ya nuna mana wani ɗan ƙarfe da aka manna a ƙarƙashi, da rubutun boko a jikinsa.

"Kun ga wannan? Sunan wanda ya tsara ta ne," in ji shi. "Mutumin ya daɗe da mutuwa can a ƙasar Turawa, amma har gobe in aka ga sunan nan sai a gyara tsayuwa. Fata in ta lalace akwai wata. Amma wadda ta karce mini ƙarfen nan, halas, shi ke nan, ta nemi wani shagon."

Yana fita na mayar da ita kan ƙafafunta na zauna, don ni ba a cika hana ni abu in hanu ba. Gaskiya ta yi daɗin zama. Ta tallafe mini kwankwaso daidai inda yake mini ciwo, har sai da na ji haushin daɗin da na ji.

A lokacin Baba yana zaune a gidan ƙanena, tun bayan da aka rushe unguwarmu a Nakkasa. Idonsa ya riga ya tafi, haske da inuwa kawai yake bambancewa. Ƙanena ya sayo wasu manyan kujeru na zamani masu laushi ya cika falo da su, amma Baba bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Tabarmarsa yake shimfiɗawa a ƙasa ya jingina da ƙafar kujera, carbi a hannu, rediyo a gefe. Da na je gaishe shi da yamma na ba shi labarin kujerar Bature da ƙarfenta, ina yi ina kwaikwayon tafiyar mai shago. Ya yi dariya har yana tari.

Baba kafinta ne, kuma karawita ce aikinsa. Karawita ita ce doguwar kujerar katako ta mutanen Makka na da, mai tsayi, da hannaye da majingina, ana shimfiɗa mata katifar auduga a jera matasai a baya. Gidan da ya amsa sunansa gida a wancan zamanin, a kanta ake saukar baƙo. Baba ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano yana saurayi, ya biyo ta Sudan, ya yi Hajjinsa, bai koma ba. Ya koyi aikin a wurin wani tsoho, daga baya ya riƙa yi a tsakar gidanmu da ke kan dutse. Ni da ƙarar zarto na tashi. In ya gama guda, maza huɗu ne suke saukowa da ita ta matattakalan unguwa, suna yi suna faɗa da juna a kan wa ya saki.

Yana da wata al'ada da ban ga wani kafinta da ita ba. Ba ya yin karawita sai ya ga mai ita. Zai je gidan da igiya a aljihu, ya durƙusa ya auna ƙafar maigidan daga diddige zuwa gwiwa ya ƙulle igiyar, ya auna daga kwankwaso zuwa gwiwar hannu ya sake ƙullewa. Da ƙullin nan yake yanka katako. Kuma duk tsawon rayuwarsa bai taɓa zama a kan abin da ya ƙera ba. In ya gama, Mama yake kira ta hau ta girgiza jikinta, ya ji ko tana motsi. In an ce ya zauna da kansa sai ya ce, "Kujerar mutane ce." Mu a gida a ƙasa muke zama, ɗakinmu ma ba zai ci karawita ba.

Da dariyar ta lafa na tambaye shi, "Baba, kai a ina kake rubuta naka sunan?"

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, mutumin da ba shi da iƙamar zama a ƙasar nan ne zai bi gidajen manya yana rubuta sunansa a ƙarƙashin kujera? Ai na kai musu kaina da kaina ke nan."

Sai ya ce akwai dai abin da yake yi. Mahaifiyarsa mai zanen ƙwarya ce, da wuƙa mai zafi take yi, kuma tana da wani ɗan zane da take rufe aikinta da shi a gindin kowace ƙwarya: layi uku a tsaye, ɗaya ya gitta su, da ɗigo biyu a sama. Shi ma in ya gama karawita sai ya sa ƙusa a wuta ya ƙona wannan zanen a ƙarƙashin katakon baya, ta ɓangaren hagu, inda ba mai gani. Shekara hamsin ina 'yarsa, sai ranar na ji.

"To amma ina suke yanzu?" in ji shi. "Gidajen da na kai su duk an rushe. Wasu an hura wuta da su, wasu an kwashe su tare da baraguzai. Ko ɗaya ba ta saura ba. Kamar ban taɓa riƙe zarto ba."

Ba da muryar baƙin ciki ya faɗa ba. Ya faɗa ne kamar mai gaya maka cewa shayi ya huce, ya mayar da hannu kan rediyonsa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Bature ya mutu ana rungumar kujerarsa, ubana yana da rai a gabana ya yarda cewa aikinsa ya bi iska. Kafin in sa takalmina na riga na ƙudura a raina cewa sai na nemo masa guda ɗaya, ya ɗora hannunsa a kai kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Akwai kasuwar gwanjo da ake kai kayan tsofaffin gidaje, ƙofofi da tagogi da akwatuna da gadaje. Ita na sa a gaba. Kowace Juma'a bayan la'asar sai in tasa ƙanena ya kai ni a motarsa. Shi a nan aka haife shi kamar ni, amma Larabci ya fi zama a bakinsa. Ina yi masa Hausa yana ba ni amsa da Larabci, haka muke tun muna yara.

Wanda bai san ni ba, ni mace ce mai jiki, kuma gwiwata ta dama ta daɗe da yi mini tawaye. Karawita kuwa nauyi gare ta, ba a kifa ta don wata ta ce tana son leƙawa. Saboda haka ni nake sauka. In tattare abayata, in durƙusa, in kwanta rigingine a ƙasa, in ja jiki in shige ƙarƙashi da fitilar waya a hannu. Masu kaya da farko tsayawa suke yi suna kallon ikon Allah. Wani ya ɗauka tsofaffi suna ɓoye zinariya a wurin, ina fitowa shi ma ya shiga. Daga baya suka saba da ni, suna ce mini hala, wato inna, in suka hango ni sai ka ji ana cewa, "Ga hala mai shiga ƙarƙashi nan ta zo," har wasu su shimfiɗa mini kwali.

Na ga abubuwa a ƙarƙashin kujerun mutane. Na ga cingam da ya shekara talatin a manne, na ga gidan gizo-gizo, na ga inda wani yaro ya rubuta cewa yayarsa jaka ce. Sau ɗaya ƙadangare ya faɗo mini a ƙirji, ban yi ihu ba sai da na fito. Layi uku da ɗigo biyu dai ban gani ba.

Aka yi Hajji aka gama, garin ya cika ya zube, ni ina nan ina jan jiki a ƙasa. Wata Juma'a ina fitowa daga ƙarƙashin wata na tarar wasu samari suna ɗaukata a waya suna dariya. Ƙanena ya kore su, amma a mota ya juyo kaina. Ya ce abin kunya ne, ya ce ni uwar 'ya'ya ce har da jika, ya ce abokan aikinsa suna zuwa kasuwar nan.

"Yaya, halas, ya isa," in ji shi. "Baba ma ya manta da maganar. Ke kaɗai kike wahalar da kanki."

Na ce, "In motarka ce ta gaji ka faɗa mini, akwai tasi a garin nan. Cinyar da kake taka birki da ita, da kuɗin karawita aka gina ta."

Juma'ar da ta biyo kuwa tun kafin in kira shi ya yi mini hon a ƙofa.

Kuma Baba bai manta ba. Ban taɓa gaya masa abin da nake yi ba, amma ran nan ina zaune kusa da shi ya miƙa hannu ya laluba gwiwata, ya ji yadda ta kumbura. Ya ce, "Uwata, ki daina ba ƙafar nan wahala. Abin da ya tafi ya tafi." Na ce masa keken ɗinki ne. Ya ce, "To," irin to ɗin da ya san na san ya sani.

Da sanyi ya shigo sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya yi mako biyu a asibiti. Ya dawo ya rame, muryarsa ta yi ƙasa, hannun da yake murƙushe ƙusa da shi ya zama sai an riƙe masa kofi. A nan ne tsoro ya shige ni sosai. Na fara lissafa Juma'o'i ina ganin ba lallai su ishe ni ba.

Abin bai zo ta kasuwa ba, a teburina ya same ni. Wata safiya aka jibge mini wata tsohuwar katifar karawita da matasai shida, aka ce wani mai tara kayan tarihi ne yake so a sake musu riga da jan yadi irin na da. Na warware katifar zan auna, sai na ga kusurwoyinta biyu na gaba a yanke suke, an cire ɗan murabba'i a kowace. Hannuna ya tsaya. Baba yana shigo da ginshiƙan hannun karawitarsa ciki, ba ya barin su a waje kamar sauran kafintoci, wai don kada su kama tufafin mai wucewa. Saboda haka katifarsa dole a yanke mata kusurwa. Mama ce take ɗinka masa katifun, kuma na tashi ina jin tana mita a kan kusurwoyin nan, tana cewa shi dai ba ya yin abu kamar na mutane.

Na ɗinka rigunan a kwana uku, ban taɓa yin ɗinki mai kyau kamar wannan ba. Da mai shago ya ce a ɗora su a motar kai kaya sai na ce ni zan kai.

"Tun yaushe kika zama direba?" in ji shi.

Na ce, "Katifar tana da kusurwa, in ba ni na ɗora ta ba za a juya ta baibai, mai kaya ya dawo maka da ita." Ya harare ni, ya san akwai wata a ƙasa, amma ya fi tsoron a dawo masa da aiki. Na kira ƙanena ya kai ni da kayan a motarsa.

Mai kayan mutum ne kamili, ya manyanta, gemunsa fari tas. Bene na biyu na gidansa gaba ɗaya ya mayar da shi ɗakin tarihi: tsofaffin fitilu, tulunan Zamzam, butocin shayi, akwatunan amare. Ya kewaye komai da jan igiya don kada a taɓa. Karawitar tana can ƙarshen ɗakin, baƙa wuluk saboda tsufa da mai, ginshiƙan hannunta a ciki. A gabanta an kafa wata 'yar takarda a cikin gilashi. Ƙanena ya karanta mini a hankali: aikin kafintocin Indiya ne, tun zamanin Turkawa.

Na ɗora katifa, kusurwoyi suka zauna daram. Na jera matasai. Na ce wa maigidan ina so in leƙa ƙarƙashi.

"La, ya hala, mamnu'i ne, an hana," in ji shi da murmushi. "Tsohuwar aba ce, ba a wasa da ita." Ya juya yana nuna wa ƙanena wata fitila.

Wata takwas ina kwanciya a ƙasan kasuwa, ba darduma mai laushi ce za ta gagare ni ba. Kafin ya juyo na shige. Na haska katakon baya ta hagu, na share ƙura da gefen mayafina. Ga su nan, layi uku a tsaye, ɗaya ya gitta, ɗigo biyu a sama, ƙunar ta yi baƙi ta nutse a cikin itacen. Na sa yatsa na bi su. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, ina kwance rigingine hawaye yana shiga kunnuwana.

Na ji muryar maigidan a sama, "Ya hala, lafiya?"

Daga ƙarƙashin na ba shi amsa. Na ce, "Lafiya lau. Takardarka ce take ƙarya."

Da na fito ya riga ya ɓata rai, kuma ban ga laifinsa ba. Shekaru yana nuna wa baƙi ita yana ba su labarin Indiyawa, abin da wanda ya haɗa cinikin ya gaya masa ke nan. Ya ce kowa zai iya ganin zane ya ce na ubansa ne. Na ce gaskiyarsa. Na tambaye shi ko ya san gidan da ta fito, ya ce ya sani sarai, amma ba zai faɗa mini ba.

"Kada ka faɗa," na ce. "Ubana makaho ne, ya haura tamanin. Zan kawo shi. In bai gaya maka mai ita ba, ni da kaina zan goge maka gilashin takardar nan in ba ka haƙuri."

Ya dube ni, ya ce mu zo ranar Asabar da hantsi.

Shawo kan Baba ya fi shiga ƙarƙashin kujera wuya. Na gaya masa na samo guda ɗaya, ina jiran ya yi murna, sai ya tsuke fuska. Iƙama ta zo masa tun da daɗewa, amma tsoron ƙofar manya bai taɓa barinsa ba.

"Me zan je in yi a gidan mutane?" in ji shi. "Cewa suka yi ta karye?"

"Ba ta karye ba, Baba. Ko motsi ba ta yi."

"To alhamdu lillahi. A bar ta."

Na ji kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Sun rubuta a takarda cewa Ba'indiye ne ya yi ta."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Can ya ce, "Ba'indiye yana shigo da ginshiƙi ciki?" Na ce nima abin da na gani ke nan. Ya ce in gaya wa matar ƙanena ta goge masa farar rigarsa.

Gidan ba shi da lif. Ƙanena ya dubi matattakalar, ya dubi Baba, ya cire agogonsa ya ba ni, ya durƙusa ya goya shi har sama. Maigidan ya ɗage jan igiyar da hannunsa. Na kama hannun Baba na ɗora a kan katakon, na ja da baya.

Ya fara daga ƙafa. Ya bi ta da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama, ya auna da taƙi. Ya laluba mahaɗar katako, ya danna da babban yatsa. Ya bi majingina har ƙarshe, ya shafa hannun dama, ya dawo ya shafa na hagu, ya daɗe a nan. Ko ƙarƙashin bai nema ba.

Da Larabcinsa na tsofaffin Makka ya yi magana, wanda har yau da ɗanɗanon Kano a ciki. "Ta mai turaren nan ce. Dogo ne, ƙafarsa ta fi ta kowa tsawo a cikin waɗanda na auna. Kwankwasonsa na hagu yana ciwo, a nan yake kishingiɗa, shi ya sa na faɗaɗa masa wannan hannun da yatsa biyu. Allah Ya jiƙansa, ba ya barina in tafi sai na ci abinci."

Maigidan ya auna hannayen biyu da yatsunsa. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce daga hannun jikokin wani mai turare ta fito, kuma hoton kakan nasu yana nan a bango ranar da ya je ɗauka, dogo ne kamar sanda. Ya kama hannun Baba da hannu biyu ya sumbaci goshinsa.

"Tafaddal, ya mu'allim," in ji shi. "Zauna."

Baba ya girgiza kai. "Kujerar mutane ce."

Na ce da Hausa, "Baba, mai ita ya rasu, wanda ya gaje ta ya ce ka zauna. Na ba da gwiwata a kan kujerar nan. Wallahi ba zan sauka daga benen nan ba sai ka hau."

"Ka ji ta ko," ya ce wa ƙanena. "Haka uwata take, ba a kayar da ita."

Ƙanena ya ɗaga shi ya ɗora. An yi ta ne don dogon mutum, Baba kuma tsufa ya tattare shi, sai ƙafafunsa suka tsaya a sama suna lilo. Ya jingina da matasan da na ɗinka. Ya ɗora hannu a kan faffaɗan hannun hagu. Na ga fuskarsa ta saki, na ce a raina shi ke nan, na cika alkawari.

Sai na ga ya gyara zama. Ya sake gyarawa. Ya sa hannu a ƙarƙashin cinyarsa ya laluba bakin katakon gaba, wanda yake ɗan ɗagawa sama don ya tare katifa kada ta zame.

"Bakin nan yana cizo," in ji shi.

Maigidan ya ce sam, ai lafiyarta ƙalau. Baba bai kula shi ba, ni ya juyo wa.

"In auduga ta kwanta, kaifin nan yana cin bayan gwiwa. Shekara nawa bawan Allahn nan yana zaune a kai bai gaya mini ba. Mamanki ma ba ta faɗa ba."

Na ce, "Baba, ai Mama naɗe ƙafa take yi in ta hau. Ba ta taɓa sauke su ba."

Ya ci gaba da shafa wurin. "Ke nan dukkansu haka suke," ya ce a hankali. "Da na zauna ko sau ɗaya, da na ji."

Raina ya yi mugun ɓaci. Na ɗauko shi ne don ya ji daɗi, ga shi na jawo masa abin da zai dame shi. Maigidan, don ya kawar da maganar, ya zare takardar Indiyawa daga gilashin ya juya bayanta, ya ciro alƙalami. Ya ce Baba ya faɗa masa cikakken sunansa, za a buga sabuwa a kafa.

"Ba zan sa sunana a kan abin da yake cizon mutane ba," in ji Baba. "A samo mini magagari da takardar goge katako tukuna."

Maigidan ya zaro ido. Ya ce kayan tarihi ne, ba a taɓa su, ko ƙusa ba a canzawa, darajarsu ke nan. Baba ya ce shi bai san tarihi ba, ya san dai aikinsa ne kuma bai gama ba. Suka juyo gaba ɗaya suna kallona, wai ni zan raba. Na ce wa maigidan, "Ka ce tsohuwar aba ce ba a wasa da ita. To ga wanda ya girme ta."

Hantsi uku muka yi muna zuwa. Ƙanena ya ɗauki hutu a wurin aiki, kullum ya goya shi sama ya goyo shi ƙasa. Aka ɗage katifa, aka shimfiɗa zani a kan darduma. Baba ya zauna a ƙasa inda ya saba, yana goga kaɗan ya shafa da yatsa, ya huta, ya sake. Hannun da ba ya riƙe kofi ya riƙe magagari. Na ce in taya shi, ya ce in tsaya a ɗinkina. Maigidan rana ta farko ya kasa kallo, ya fita. Rana ta biyu shi ne mai miƙa shayi. A ta uku na same shi a durƙushe yana tattara garin katakon a cikin wata 'yar kwalba.

Da aka shafa mai aka mayar da katifa, Baba ya ce a ɗora shi. Ya zauna, ya matsa gaba, ya matsa baya, ya jijjiga ƙafafunsa da suke lilo.

Sannan ya ce, "Ina mai alƙalamin?"

Ya faɗi sunansa, da na mahaifinsa, da na kakansa, da sunan ƙauyensu, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, yana jira a rubuta kowanne. Tunda nake ban taɓa jin ya faɗa wa baƙo cikakken sunansa ba tare da ya waiwaya ba. Da maigidan ya ɗaga alƙalami sai Baba ya ce bai gama ba, a ƙara a ƙasa cewa zanen da ke ƙarƙashi na mahaifiyarsa ne, mai zanen ƙwarya. Ya faɗi nata sunan, wanda shi ne nawa.